Tsamiyar da Ta Riƙe Numfashi

Duk wanda ya tashi a gidanmu na Madabo ya san abu biyu ne ba a wasa da su: kakarmu Iya, da tsamiyar tsakar gida. Iya ce ta shuka ta da hannunta shekarar da aka kawo ta birni daga wani ƙauye na bakin daji, can kudancin Kano. A gindinta murhunta yake, a nan take mana tatsuniya bayan sallar isha'i, tana tona garwashi tana gasa mana gyaɗa. Ni take kira angonta, wai duk cikin mazanta ni ne marowaci, ko ɓarin goro ban taɓa kawo mata ba.

Sai ga wata shekara damina ta yi gardama, rani ya biyo baya da zafin da ban taɓa jin irinsa ba. Kullum ana ƙara wa guga igiya. Katanga in ka jingina da ita bayan magariba sai ta gasa maka baya. Tsamiya ta karkaɗe ganyenta tas, ta tsaya ƙayau. Ran nan wani busasshen reshe ya ɓallo, saura ƙiris ya sauka a kan ƙanwata Ladidi. Baba ya ce magana ta ƙare, itaciya ta mutu, kuma ba zai jira iskar bazara ta kayar da ita a kan ɗaki ba. Gobe da safe masu faskare za su zo.

A nan fa ake yin ta. Baba ɗan farin Iya ne, ita kuwa mutumiyar da ce: ba ta faɗin sunansa, ba ta haɗa ido da shi, ba ta yi masa magana kai tsaye. In tana so ya ci abinci sai ta ce mana, "Ku gaya wa mutumin zaure tuwo na hucewa." To ta ina za ta tare shi ta ce kada ya sare mata itaciya? Wunin ranar sai tsaki take ja wa tukwane.

Da aka idar da isha'i sai muka ga abin da ba a taɓa yi ba. Ta ɗebi garwashi a kasko, ta ja tabarmarta har bakin ƙofar zaure, inda Baba ke zama yana jan carbi. Wai zafi ya yi yawa a gindin murhu. Mu dai murna kamar an ba mu kuɗin kashewa, muna ta ture juna wajen neman kusa da ita.

"Ga ta nan, ga ta nanku," in ji Iya da murya sama da yadda ta saba, "yau daga daji ta taso."

"Ta zo mu ji ta," muka amsa baki ɗaya.

Ta ce an yi wata shekara da sama ta ƙi, rana ta sauko ƙasa-ƙasa har tana leƙa ramin ɓera. Ƙoramu suka ƙafe, ciyawa ta zama toka, tsuntsaye na faɗowa daga reshe bakinsu a buɗe. Sai itatuwan daji suka yi taro. Wata tsohuwar itaciya ta ce, "'Yan'uwa, kowane ganye baki ne, kuma kowane baki ruwa yake sha. Mu zubar da su, mu ɓoye ɗan ruwan da ya rage a cikinmu, mu riƙe numfashi har sama ta huce. Amma fa duk wadda ta buɗe baki, ruwanta ya tafi." Duk suka yarda, sai wata mai ji da kanta da ta ce ita ba za ta tsaya tsirara a gaban jama'a ba. Ganyenta suka shanye ta, ta bushe har zuci, wutar daji ta zo ta lashe ta.

Iya ta kumbura kumatu ta nuna mana yadda itace ke riƙe numfashi. Muka kwaikwaya, Ladidi ta kasa ta fashe da dariya, Iya ta ce, "Ke kam kin mutu tun a taron farko."

Sai ga wani mutum ya shigo daji da gatari, sunansa Na-Gaggawa. Ya duba gabas ya duba yamma, ya ce daji ya mutu, ga itacen banza. Ya nufi tsohuwar nan, wadda a inuwarta aka goye shi, 'ya'yanta ya sha ya girma. Tana ganinsa, ta san shi sarai. Ya ɗaga gatari.

Ni fa na kasa zama. Na miƙe tsaye na ce, "Iya, ta yi magana mana. Ta ce masa tana da rai."

"Zauna, ango, kana tare min iska. Ai ba kowane baki ke iya buɗuwa ba. Mai hankali shi ke jawo ɗan reshe ya sa farce ya kankare. In ya ga kore, ya mai da gatarinsa gida."

Na lura ƙarar carbi ta tsaya a zaure.

Na-Gaggawa dai bai kankare ba. Ya sare ta, ya bi sauran ya kwantar. Bai gama ɗaure itace ba hadari ya taso. Ruwa ya sauko bai sami saiwar da za ta riƙe shi ba, ya kwashe ƙasa ya yi gaba. Da rana ta dawo, mutumin ya nemi inuwar da zai fake ya rasa. "Ƙurunƙus," in ji Iya, "wanda ya ji ya ji, ni gyaɗa nake gasawa." Ranar ko bacci na kirki ban yi ba, don na tsani Na-Gaggawa har cikin raina.

Da safe masu faskare suka yi sallama. Baba ya ce su dakata a zaure. Ya shigo, ya tsaya a gindin tsamiya, ya jawo wani siririn reshe ya sa babban yatsa ya kankare. Mu duk mun kewaye shi muna ɗage. Kore ne shar, har da danshi. Wayyo daɗi! Ladidi ta kama rawa, ni na zagaye tsakar gida da gudu har na ture buta.

Baba ya sa aka sassare busassun rassa kawai, aka ba masu gatari kunu suka tafi. Zai fita ya tsaya, yana kallon katanga, ya ce, "Ku gaya wa mai tatsuniya an ji."

Iya tana firfita wuta, ba ta ɗago ba. "Ku gaya masa ni ban ce komai ba."

Ruwan farko na sauka tsamiya ta tofo. Tana nan har yau, ta binne Iya, ta binne Baba.

Na girma ina ganin na gama fahimtar tatsuniyar nan: kada ka yanke wa mai shiru hukuncin gawa. Sai bazarar da ta wuce na bi hanyar kudu, ta gefen dajin su Iya. Zafi ya yi masa kaca-kaca, itatuwa tsaye ba ganye, buhunan gawayi jere a bakin titi. Motarmu ta tsaya shan ruwa, na hangi wani dattijo yana gyara tsayuwa a gindin wani marke da gatari. Na taka har wurinsa, na jawo reshe na kankare, na nuna masa koren, ina jin kaina jikan Iya.

"Baba, wannan da ransa."

Ya dube ni, ya share gumi da gefen riga. "Na sani, Alhaji. Gero bai yi ba bana. 'Ya'yana ma da ransu."

Iya ta koya mini abin da ake yi wa wanda bai sani ba. Wanda ya sani, yunwa ta ɗora masa gatari a kafaɗa, ba ta bar mini amsarsa ba. Na koma mota, ina jin saran a bayana har muka tashi.