Haladu Mai Walda da Igiyar Ruwan Chimdi

Haladu mai walda bai taɓa ganin teku ba, amma ya fi shekara ashirin teku na ci masa rai.

A Naraguta ya tashi tare da Chimdi, ɗan wani Ibo mai sayar da kayan keke. A tsofaffin ramukan haƙar kuza da ruwa ya cika suka koyi iyo, kuma kowa ya san Haladu ya fi daɗewa a nutso. Walda ma wurin oga ɗaya suka koya a Bukuru. Da wani kamfanin jiragen ruwa ya nemi masu walda, tare suka aika takardu. Aka kira Chimdi, shi kuwa shiru.

Sai Haladu ya buɗe rumfa a unguwar Ali Kazaure yana ƙera ƙofofi, ya auri Balaraba. Duk Kirsimeti Chimdi kan zo da tsaraba da sunayen garuruwa masu wuyar faɗa. Haladu ya karɓa ya yi godiya, ya kwana biyu abinci ba ya masa daɗi.

Bara aka dawo da Chimdi da karayar ƙugu. Haladu ya tafi dubiya tare da Balaraba yana jajantawa, amma can cikin ransa wani sanyi yake ji, yana istigfari a kansa. Ya tarar da ɗakin cike da mutane.

"Da rana tsaka ne, ba hadari ba iska," in ji Chimdi. "Sai ga igiyar ruwa ɗaya tak, ta fi bene hawa shida. Gaban jirgi ya faɗa rami, ta rufto mana. Ta fasa gilasan ɗakin tuƙi, ta lanƙwasa ƙarfe mai kaurin cinyata. Ni ta maka ni da bango."

Ba wanda ya motsa. Har Balaraba ta saki baki tana kallo. Nan Haladu ya gane karayar ma ƙyashinta yake yi.

Da aka watse Chimdi ya riƙo hannunsa. "Likita ya ce ni da jirgi har abada. In na warke, akwai wuri a rumfarka?"

Akwai, kuma ya ba shi. Yanzu Chimdi a zaune yake aiki, masu kawo gyara sukan daɗe suna sauraron labarin igiyar. Ciniki ya ƙaru. In aka zo daidai wurin bene hawa shida, sai Haladu ya kunna injin yankan ƙarfe.