Faifan Inna a Hannun Kawu Datti

Kawu Datti, yayan mahaifiyata, bai taɓa sayen abu don abin da ke cikinsa ba. Ko lemo zai saya, ɓawon yake dubawa. Irin wannan mutum ne ya zaɓi sana'ar zuba waƙa da wa'azi a faifan sidi, a wani ɗan shago a kasuwar Katako ta Jos, tsakanin mai wasa zarto da mai sayar da ƙusa.

Faifan da ba a zuba komai a kansa ba yana kiransa emti, kuma tarihin emti yake ba kowa, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba. Na farko masu launin azurfa ne, kowanne a gidansa na roba. Sai masu ruwan zinare, ƙasansu kore-kore. Sai aka daina gidan, ana jero su a kan tsinke ɗaya kamar masa, ja da shuɗi da ruwan hoda. Daga baya ga baƙaƙe masu zobe-zobe, ana kwaikwayon faifan garmaho na da. A ƙarshe masu farar fuska, waɗanda inji ke buga wa hoto. Duk sabon da ya shigo, Kawu sai ya ɗaga shi ga rana ya ce, "To, a nan zamani ya tsaya." Shekara na zagayowa ya kira shi tarkace.

Yana da wata ɗabi'a kuma. A ganinsa duk masu shago a kasuwar Taminus jira suke su kwafi aikinsa, don haka ba faifan da zai fita daga hannunsa sai ya ɗora muryarsa a tsakiya. Malami na cikin jan aya, sai ka ji an tsinke shi: "Datti Saun! Katako, Jos! Mu ne oga!" Har faifan mawaƙan coci bai tsira ba.

Ga inda abin ya shafe mu. Lokacin da Babanmu ya ɗauki Umma suka koma Fatakwal neman abinci, kakata Inna Maimunatu ba ta so ba, rabuwarsu ba ta yi daɗi ba. Da ciwo ya kama Inna, ta sa aka ajiye mata rakoda, ta yi magana a kaset, aka ba direban motar dankali ya kai. Ta gaida kowa, ta yi faɗan rashin aike, sannan ta ce, "Amatu, na yafe miki duniya da lahira." Kafin Umma ta iso Jos an riga an rufe ta. Wannan kaset shi ne duk abin da ya rage mana na muryar Inna.

Bayan mun dawo muka zauna a unguwar Abatuwa, Kawu ya ga kaset ɗin a durowar Umma ya riƙe baki.

"Amatullahi, a wannan zamanin? Zarensa zai tsinke ki zauna kina kuka. Kawo."

Ya dawo da faifan azurfa. Kaset kuwa ya bi buhun 'yan gwangwan. Tun daga nan duk sabon yayi sai ya zo ya karɓi na hannunta ya kawo wani. Na'urarmu ta sidi ta daɗe da mutuwa, Umma ba ta da abin saurare, sai dai ta shafa fuskar faifan ta naɗe shi a ɗankwali. Mu dai mun ga Inna ta yi zinare, ta yi ruwan hoda, ta yi baƙi. Na ƙarshe fari ne, da hoton Kawu a kai, hula a karkace, yatsa ɗaya a sama.

A bara Umma ta kwanta jinya, ta ce ba abin da take so irin ta ji Inna ta sake faɗa mata maganar nan. Na aro na'ura wurin maƙwabciyarmu Firisila, na sa faifan. Inna ta yi sallama, muryarta ta cika ɗakin, Umma ta lumshe ido. Ana cikin gaisuwa sai Kawu ya faɗo da ihunsa. Muka daure. Inna ta koma faɗa, ya sake faɗowa, wannan karon da lambar waya. Ashe duk sanda ya canza faifai sai ya ƙara sabon talla, tsohon kuma bai cire ba. Da aka zo wurin, Inna ta ce, "Amatu, na," sai "Mu ne oga!" ya danne sauran.

Umma ta juya fuska bango.

Ko mayafi ban gyara ba na hau keke zuwa Katako. Na same shi yana goge wani emti da bakin riga.

"Kawu, har a kan Inna?"

"Ke Ummusalma, ba kya gaisuwa? Inna uwata ce kafin ta zama kakarki. So kike 'yan Taminus su kwafe ta?"

"Su kwafe ta su kai wa wa, Kawu? Wa zai sayi faɗan tsohuwa?"

Mai ƙusa ya tuntsire da dariya. Kawu ya harare shi. Na tambayi ina na azurfan, don a lokacinsa bai fara wannan tallan ba. Ya sosa ƙeya, ya fito waje, ya nuna sama da haɓa. Allon shagon zagaye yake da tsoffin faifai, an kafe kowanne da ƙusa don ya riƙa walƙiya a idon masu wucewa. Na ari tsani da guduma wurin mai ƙusa na hau da kaina. Na gane shi da sunan Inna da ya dusashe a gefe. Ruwan Jos da ranarta sun gama da shi, azurfar ta saɓule, ina hango kwanon shagon ta cikinsa.

"Kin gani ko?" in ji Kawu daga ƙasa. "Dama na ce tsohon yayi ba shi da ƙarko."

Duk da haka na kai shi gida na gwada. Na'urar ta juya, ta juya, ta tofo shi.

Da Umma ta samu sauƙi Kawu ya zo dubiya da ledar ayaba. Yanzu ba mai sayen sidi, 'yan keke ne ke kwasar emtinsa suna ado da su, shi kuma ya koma tura waƙa a waya. Ya zauna ya ce ta kawo farin faifan ya mayar mata da Inna cikin waya, ta riƙa ji ko a ina.

Umma ta ɗauko shi daga gefen filo, ta tura ƙarƙashin cinyarta.

"Bar shi haka, Yaya. Ta kira sunana, na ji. Sauran na san shi. In ka sake taɓawa, sunan ma tafiya zai yi."