Kofur Tanko, Mai Tsaga Jakin Jita

Bana shekara ashirin ke nan da muka kai Kofur Tanko makwancinsa. Cikin waɗanda suka ɗauki makararsa ni kaɗai na rage, ni ma ƙafa ta fara ƙi. Shi ya sa na ga gara in faɗi abin da na sani tun bakina yana iyawa.

Ni mahauci ne a nan unguwar Tudu ta Ankara, birnin nan na bakin teku. Shi kuwa tsohon soja ne, cikin Hausawan da Turawa suka ɗiba zuwa yaƙin Asante. Ya dawo da yatsu biyu a ƙage, ga kunne ɗaya da ƙarar bindiga ta lalata. Da can makaɗin molo ne. Da yatsun suka ƙi, sai ya koma gyara wa wasu nasu, musamman jaki, ɗan icen nan da tsirkiya ke hawa a kansa.

A lokacin ne ma'aikatan jiragen ruwa suka fara saukowa da jita, mai tsirkiya shida. Jakin jitar wani ya karye, aka nuna masa ƙofar Kofur. Jakin jita na ƙashi ne, shi ne Kofur ya zo rumfata wata safiya, bai sayi ko tsoka ba, ya ce in riƙa ajiye masa ƙashin ƙafar sa. Daga nan muka saba.

Yakan dafa ƙashin har maiƙo ya fita, ya shanya, ya sassaƙa, sannan ya ɗauko siririn magagari ya tsaga wa kowace tsirkiya gurbinta. Ya ja kaɗan, ya ɗaura, ya kaɗa, ya saurara, ya kwance, ya sake. In gurbi ya yi zurfi, tsirkiya ta kwanta ta riƙa zuza kamar ƙuda a kwalba. In bai kai ba, ta yi tsayi ta ci yatsan makaɗi. Abin da aka yanke kuwa ba ya komawa. Da wannan ya ci da iyalinsa shekaru, ko da yake wasu malaman unguwa ba su taɓa sakin fuska da sana'ar ba.

Sai ɗaya kunnen ma ya fara tafiya. Ya ɓoye. Na fara gane haka ne ranar da na tarar da shi ya ciji kan jita yana kaɗawa, don ya ji sautin ta haƙoransa. 

Wata rana Kwamina, wani makaɗi ɗan ƙabilar Fante da ya daɗe yana kawo masa aiki, ya dawo da jita, ya ce tsirkiya ta uku tana zuza. Kofur ya kaɗa, ya ciza, ya sake kaɗawa, bai ji kome ba. Ya juyo ya dube ni.

"Sale, ka gaya mini gaskiya. Tana yi?"

"Tana yi, Yaya."

Ya daɗe yana kallon hannunsa. Na zaci ranar zai ajiye magagarin, amma sai ya ce in ja kujera in zauna, daga yau ni ne kunnensa. Na ce ni mahauci ne, me na sani? Ya ce zan koya. Haka kuwa aka yi. In na tashi kasuwa, da jinin nama a rigata, sai in je. Shi yana tsagawa, ni ina saurare, in ɗaga yatsa ko in girgiza kai. Da farko mun ɓata ƙashi mai yawa, ya yi ta faɗa, ni ma in yi fushi in tafi, gobe in dawo. A hankali kunnena ya buɗe. Haka muka yi har ciwon ƙirji ya kwantar da shi.

Yau Tudu ta cika da motoci, mutanenmu da yawa sun koma Sabon Zongo, jita kuwa ana sayar da ita a kanti da jakinta a tsage tun daga Turai. Nakan tambayi kaina me zai ce. Ba na jin zai yi ƙorafi, ya gaji da gardama tun yana raye. Ina jin juya ta kawai zai yi a hannu, ya tambaya ko wanda ya tsaga ya taɓa jin ta.

Ban san inda jaki ko ɗaya na aikinsa ya rage ba, ƙashi ma cinyewa yake yi. 'Ya'yansa sun kama fataucin goro, babu wanda ya gaje shi. Abin da ya bari yana wurina, kuma nauyi ne. Duk bikin da na je, mutane na rawa suna murna, ni kuwa sai in ji tsirkiya ɗaya tana zuza a tsakiyar kiɗan. Har yanzu yatsana yakan ɗaga da kansa, sai in mayar da shi cikin riga.

Allah ya jiƙan Kofur Tanko, ya sa ya huta.