Ranar da Na Zura Ɗana Cikin Rumbu

A shekarun da aka samu mulkin kai ina zaune a Kebbe, mijina ya rasu ya bar ni da ɗiya fuɗu, na farinsu namiji, ina sai da fura. Ko kaza ta tsallaka dangar wani a unguwarmu sai na sani. Ban taɓa riƙe alƙalami ba, wanga ma faɗi nake ana rubutawa.

Wata shekara damina ta yi gardama, gero bai yi ba. Sai ga raƙuma daga Tambuwal ɗauke da hatsin da hukumar En'e ta aiko a raba mana. Ranar har guɗa na yi da ƙwarya a kai. Ba a jima ba aka zo ɗaukar yara makarantar boko, mai unguwa na bi gida-gida. Na ce a raina, tunda hukuma na ciyar da mu, karatun me kuma? Na sungumi ɗana na fari na zura cikin rumbu na rufe, na turo marayan ƙanwata da nake riƙo, na ce shi kaɗai ne namiji a gidan. Ana cikin rubuta sunansa sai rumbu ya yi atishawa. Na ce ɓera ne. Mai unguwa ya ce lalle ɓeran nan ya isa kaciya, ya yi dariya ya wuce. Kwana uku ina ba mata labari a bakin rijiya, ina jin duk Kebbe babu mai wayona.

Hatsin ya cece mu, ba zan yi butulci ba, amma ko shuka bai kai mu ba. Marayan ya yi karatu ya zama malamin gona a Jabo, shi ke rufa mini asiri har yau. Ɗana kuwa ya yi furfura yana bin layi duk inda aka ce ana rabo, yana dangwala yatsa a takardar da bai san abin da ta ce ba. Sau ɗaya ya tambaye ni, ba da faɗa ba, me ya sa na fifita ɗan ƙanwata a kansa. Ashe shekarun nan duka zato yake so ne ya sa na tura wancan.

Iyaye, in an kawo hatsi ku karɓa, mai jin yunwa ba ya iya jira. Amma in an zo neman yaro makaranta, ku kai shi da ƙafarku. Ni wanda na fi so na ɓoye, kuma shi na cuta.