Sharar da Ta Kwashe Waƙoƙin Mama

Mijin yayata bai taɓa furta "ban sani ba" a rayuwarsa ba. Da ya yi ritaya daga aikin hedimasta, sai ya naɗa kansa likitan kwamfuta na dangi.

Wata Lahadi bayan sujada ya biyo gidana a Kafanchan, ya tarar ina fama da kwamfutata, tana tafiyar hawainiya. A cikinta waƙoƙin mahaifiyata suke, na noma da na daka da na biki, a yarenmu. Na sha hawa acaba zuwa ƙauyenmu Nok ina ɗaukar muryarta, don na ga mantuwa ta fara kama ta. Ba ni da su a ko'ina sai nan.

"Dotti ne ya cika ta," in ji shi. "Kawo mu yi shara."

Ya buɗe baƙin allon nan da ake rubuta wa na'ura umarni, ya kwafo wani layi da aka turo a zauren tsofaffin malamai na wayarsa.

"Malam, me wannan zai yi?"

"Ke dai sa lambar sirri."

Na sa. Hotunan kan allo suka riƙa ɓacewa, shi kuwa yana gyaɗa kai, wai ga aiki na kyau. Da muka kashe, ba ta sake tashi ba. Washegari ina makaranta ya aiko aka karɓe ta, ya ɗora mata sabon tsari, wai gyara. Da na kai ta kasuwa, mai gyara ya ce layin ya umarci na'urar ta goge komai tun daga tushe ba tare da tambaya ba, kuma ɗorin nan ya binne ɗan abin da za a iya tonowa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ban-haƙurin. Yayata ta zo da zakara da citta, shi yana gefe yana cewa ai injin ne ya tsufa. Ni aka yi wa ɓarna, ni kuma na durƙusa na yi godiya. Har yau in na tuna, raina ɓaci yake.

Na koma Nok da waya a hannu. Na sami Mama a gindin mangwaro, na roƙe ta ta sake rera mini waƙar daka. Ta buɗe baki, ta tsaya, ta daɗe tana nema. Sai ta yi dariya ta dafa gwiwata.

"Waƙar ta gudu daga kaina. Ba komai, ai na ba ki duka. Je ki kunna mini in ji."