Sunan Da Ya Maƙale a Bakina

Ranar Talata ce. Na tashi da asuba, na hura wuta, na dama wa Inna koko. Saura kwana uku a ɗaura mini aure. Aure na biyu ne, kuma na haura talatin, don haka ba a shirya wani buki ba. Goro ƙwarya ɗaya aka saya, sai tuwon da za a tuƙa ranar Juma'a.

Ƙauyenmu yana kan tudu, tsakanin Makarfi da Kudan. Ƙarƙashinsa fadama ce, rake tun daga gindin tudun har inda ido ya tsaya. Lokacin sara ne. Daga tsakar gidanmu ana jin kukan injin matse rake, irin wanda doki ke ja yana zagaye, ƙiii, ƙiii, tun hantsi har la'asar. Mai wannan injin shi ne mutumin da zan aura. Ba zan faɗi sunansa yanzu ba, ku yi mini haƙuri.

Shekara goma sha ɗaya na yi a Furana, gidan Tanimu. Kun ji nasa sunan ya fito ba gargada. Ba zan ɗora masa abin da bai yi ba, bai taɓa dukana ba. Sai dai yakan yi wata guda bai ce mini ko ci kanki ba. Daga baya ya tafi cin rani ya shekara biyu, ba aike ba saƙo. Na gaji, na tafi Ikara gaban alƙali. Alƙali ya ce wa nake ƙara, na ce Tanimu, da ƙarfi, har masinja ya ɗago kai. Ranar na fara faɗin sunan. A wurinmu mace ba ta kama sunan mijinta. Ranar da ta kama shi a bainar jama'a, auren ya riga ya mutu, jana'iza kawai ake yi.

Na dawo gidan Inna da akwati ɗaya da tabarma. Na ce ni da aure haihata-haihata. Na kama sarin mazarƙwaila ina kaiwa kasuwar Makarfi. Kullum da walaha nakan sauka fadama da kwandona in karɓo kaya a wurin mai injin.

Shi ma aurensa ya mutu da daɗewa. Gajere ne, baƙi, da tabon ƙuna a hannun dama inda tafasasshen ruwan rake ya taɓa zubo masa. Ya fi magana da dokinsa a kan mutane. Kullum sai in tarar ya ƙara mini curi ɗaya a kwando, kullum washegari in mayar masa. Rani guda cur muka yi a haka. Da sara ya zagayo na sake mayar masa, sai ya ƙi karɓa.

Ya ce, "Dije, wannan curin ya gaji da hawa da sauka. Ki bar shi ya zauna wuri ɗaya mana."

Na ce masa wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake.

Ya ce, "To tsaya ki duba da kyau. Ni tsumman ne."

Na yi dariya har na zauna a kan tarin rake. Na manta rabon da in yi irinta. Kafin ranar ina kiran sunansa kamar kowa, har in ɗaga murya in ya yi mini jinkiri. Daga ranar na daina, na koma ce masa Malam. Ba wanda ya sa ni. Ya lura, ya tambaye ni ko sunansa ne ya yi tsada. Na rufe fuska da mayafi. Ina son sa, kuma ba ni da wata hanyar gaya masa sai wannan.

Shekara ta huɗu ke nan da samun mulkin kai, zaɓe ya matso. Mu mata ba mu da ƙuri'a, sai dai mu ji a bakin maza. Wata jam'iyya ta yi lacca a gindin durumin ƙauyenmu ranar Asabar, aka tafa mata. Aka ce ɗaya jam'iyyar ta ji haushi, za ta aiko da mutanenta. An sha faɗin haka. Ba wanda ya fasa zuwa gona.

Ranar Talatar da hantsi na ɗauki kwando, Inna ta tare ƙofa. Ta ce bazawara ma amarya ce, ba zan ƙara sauka fadama ba sai an ɗaura. Ta zaunar da ni, ta kwaɓa lalle, ta lafta mini a ƙafa biyu, ta naɗe da ganye ta ɗaure da tsumma. Na ce a aika a gaya masa yau ba zan zo ba. Ta ce kwana uku ba za su kashe shi ba. Na bar maganar, don na ji kunyar nacewa.

Jirgin ƙasa mai zuwa Kano ya yi kuka daga nesa. Da shi muke sanin ƙarfe goma ta yi. Kukansa bai gama mutuwa ba muka ji ƙarar mota. Manyan motoci ne, biyu, daga hanyar gabas. Akwai ganga, akwai waƙa. Inna ta ce ko lacca ce kuma. Motocin suka tsaya a gindin durumi, gangar ta yanke.

Sai ihu. Sai ƙarar gora a kan ƙyaure. Kwalba ta fashe, na ji warin kananzir. Wani yana cewa, "A fito! A fito!" Wani can baya yana cewa, "Ku sa wuta!" Bindiga ta tashi sau ɗaya. Ban ga fuskar ko ɗaya daga cikinsu ba, har yau muryoyin kawai na sani. Na kasa kunne wajen fadama. Injin ya daina kuka.

Jinkar maƙwabtanmu ta kama. Inna gwiwa ta ci ta, ba ta iya gudu. Na duƙa na goya ta, na ɗaure da mayafina. Na ture zanar da ke bayan gidanmu muka fita. Ban ɗauki komai ba, ko takalmi. Lallen yana santsi a cikin ganye, kowane taku sai na ji kamar zan zame.

Bayan ƙauye akwai tsamiya inda hanya ta rabu biyu. Ɗaya ta yi yamma wajen layin dogo, ɗaya ta gangara fadama. Nan kowa ya haɗu. Mutanen gari suna fitowa, masu saran rake suna haurowa, duk ana yin yamma. An riga an cinna wa tarin busasshiyar tukar rake da ake hura tukunya da ita wuta. Iska tana turo wutar cikin gonaki. Gaɓoɓin rake suna fashewa, tas, tas, ba tsayawa.

A nan na gan shi, mai injin. Ya riga ya wuce tsamiyar, yana gangarawa da gudu, shi kaɗai yake saɓa wa jama'a. Farar riga sabuwa a naɗe a hammatarsa. Ashe wurin tela ya je, a gindin durumi. Tsakanina da shi bai fi jifa biyu ba. Bayansa nake gani.

Na ce, "Malam!"

Ladanin masallacinmu ya waiwayo. Wani mai saran rake ya waiwayo.

Na sake cewa, "Malam! Malam!"

Maza sun kai talatin a kan hanyar nan, kuma kowannensu Malam ne. Kawuna suka yi ta juyowa, ban da nasa. Sunan yana nan a bakina, ina jin nauyinsa a kan harshe. Watanni na yi ina danne shi, ranar kuma ya ƙi tashi. Sabo turken wawa. Ban san tsawon lokacin ba, bai fi numfashi uku ba. Da sunan ya fito, hayaƙi ya riga ya shaƙe ni. Ni da Inna da ke bayana kaɗai muka ji shi. Shi kuwa ya shige cikin rake.

Na yunƙura zan bi shi. Wani ya fizgi hannuna ya ce, "Wuce! Kar a tsaya!" Jama'a suka tura mu gaba. Inna ta riƙe wuyana har ina tari. Na bi yamma da kowa.

Rana tana tsaka muka isa layin dogo. Tsakuwarsa ta ɗauki zafi. A nan tsumman ƙafata na hagu ya kwance, na dama ya bi shi. Na duba ƙafafun, ja ne ko'ina, na kasa raba lalle da jini. Na sauke Inna na huta, na sake ɗaukar ta. Wata mata tana tafe tana kiran sunayen 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya, duk da suna gabanta. Ba wanda ya ce ta yi shiru.

Da azahar muka sake jin mota. Wani ya ce, "Ku kwanta!" Muka shige cikin karan dawa da aka jingine a wata gona, mu tara. Motar ta wuce a hankali, gangar tana tafiya da ita. Wani dattijo ya yi taimama ya yi salla a zaune. Ni ban yi ba, sai daga baya na rama. Ina ta kallon gabas ta tsakanin kara. Hayaƙin ya koma fari, alamar raken ne yake ci.

Da la'asar muka faɗa wata ruga. Wata Bafulatana ta ba mu ruwa da nono, ba ta tambaye mu komai ba. Ta kalli ƙafata, ta kalli fuskata, ta gane amarya ce. Ta shiga bukka ta fito da tsohon takalmin fata ta ajiye a gabana. Inna ba ta sha nonon ba.

Ana kiran magariba muka shiga Hunkuyi. Ƙanwar mahaifina, Gwaggo Hajara, tana aure a can. Ta shimfiɗa mana tabarma, ta dafa ruwa ta gasa mini ƙafa. Duk wanda ya shigo garin daga gabas sai na aika a tambaye shi. Kowa ya ce bai gani ba.

Laraba da hantsi Baba Audu ya iso. Shi ne dattijon da ke dafa wa mai injin ruwan rake. Yana jaye da dokin, gashin wuyansa ya babbake. Ya tsaya a zaure, na tsaya a bayan ƙofa. Ya ce da ya ji bindiga shi ya kwance dokin ya hauro da shi. Sun yi kiciɓis da mai injin a bakin gona. Ya nuna masa dokin, ya ce ga shi, ya juya su tafi. Shi kuwa ko kallon dokin bai yi ba.

Baba Audu ya ce, "Abu ɗaya ya tambaye ni, 'yata. Ya ce Dije ta zo? Na ce ban gan ki ba. Ya ce ai lokacinki ne, bari ya duba."

An same shi kusa da injin, wajen kututturen da nake ajiye kwandona. An binne shi da yammacin Talatar tare da sauran. Rigar ba a same ta ba.

Na ce zan shiga takaba. Gwaggo ta kira malamin unguwarsu, ya yi mini bayani a hankali. Ya ce tunda ba a ɗaura ba, babu takaba a kaina, ba mijina ba ne. Don ya sauƙaƙa mini ya faɗa, Allah ya saka masa. Amma ni abin da na ji daban ne. In ba mijina ba ne, ashe babu abin da ya hana ni kiran sunansa a gindin tsamiya.

Inna ta yi shekara biyu a Hunkuyi ta rasu. Ba ta taɓa tada maganar aiken ba, ni ma ban tada maganar sunan ba. Kowacce ta riƙe nata. Ƙauyen an sake gina shi, ban koma ba. An yi zaɓen, wasu suka ci. Na ci gaba da zuwa kasuwa, amma na bar mazarƙwaila na koma gyaɗa.

Lallen ya bar fatar ƙafata cikin sati uku. Na farce ya daɗe. Kowace Juma'a nakan zauna in duba yadda jan yake matsawa gaba, farin yana biyo shi. Wata tara babban yatsa ya ɗauka. Ita ce takabar da na samu, kuma ba wanda ya san ina yin ta. Ranar da na yanke jan ƙarshe, na naɗe shi a ƙyalle na sa a ƙasan akwati.

Yanzu na tsufa, kunya ta bar ni, ba don na kore ta ba. Sunansa Isa. Ko tsawon Malam bai kai ba.