Tatsuniyar da Iya Delu Ta Ƙi Rufewa

Jikata Safiya ce ta tono mini wannan tsohon zance. Ta kamu da karatun littattafan nan na ban tsoro da ake cakuɗa aljanu da na'urori, in ta gama kuma sai ta zauna tana karanto mini ra'ayoyin masu karatu a waya. Wani ya ce shirme ne, me ya haɗa fatalwa da inji? Wata ta ce ita kam ta kasa barci, amma a ƙaro mata. Wani ya ce salon Turawa ne, mu ba mu gada ba. Nan na tsayar da ita. Na ce, "Ke, wa ya ce ba mu gada ba? Kakata ta yi shi a Makera tun ina yawo ba takalmi."

Lokacin Turawa ba su tafi ba, ana ta aikin ginin masaƙa a Kakuri. Babana yana aikin jirgin ƙasa, muna zaune a gidan haya mai ɗakuna a jere, mu da mutanen kudancin Zariya, tsakar gida ɗaya, rijiya ɗaya. Iya Delu ita ta haifi babana, ya ɗauko ta daga ƙauye bayan rasuwar kakana. Ba ta taɓa son birni ba. Abu ɗaya ya riƙe ta: in an yi isha'i, yaran gidan kaf mu kewaye ta a bakin murhu, tana gasa mana gyaɗa a garwashi tana tatsuniya. Ni take kira angonta, kuma ni nake zama a jikin ƙafarta.

Sai Baba Audu tela ya sayi akwatin rediyo ya kafa a ƙofar shagonsa. Shi ke nan, yara suka watse. Iya za ta gasa gyaɗarta ta zauna, ni kaɗai a gabanta, muna jiyo shewar sauran daga waje. Ba ta yi mita ba. Wata safiya dai na ji tana ce wa babana, "Musa, in ka samu hutu ka mai da ni gida. Nan ba ni da sauran aiki, ƙarfe ya karɓe." Har ta ɗaure kayanta a zane ta ajiye a bayan ƙofa. Ranar na yi kuka har na kasa cin tuwo.

Da yamma ta dube ni ta ce, "Kai, wane irin ango ne mai majina? Share fuskarka. Je ka gaya wa abokanka yau zan faɗi inda aka samo kakan akwatin Audu." Sun zo kuwa, don son jin ƙwaƙwaf.

Ta ce a wani gari can, wani abu ya faɗo daga sama kamar tauraro ya nutse a kogi. Masunta suka jawo shi a koma. Akwati ne na ƙarfe, ba kulle ba marfi, kuma ɗumi gare shi kamar jikin mutum. Waɗanda suka ƙera shi suna zaune a bayan taurari, sun iya ƙira fiye da kowa, sai dai muryoyinsu sun ƙare, shi ne suka aiko shi ya ɗebo musu na mutane. Duk wanda ya yi magana kusa da shi, sai ya wayi gari bebe. Da magariba kuma sai akwatin ya yi kira daga bakin kogi da muryar da ya haɗiye. A nan Iya ta sauya murya, ta kwaikwayi ta Mama Saratu maƙwabciyarmu sak, ta ce, "Bulus, zo ka ci abinci." Bulus, ɗan Mama Saratu, yana zaune kusa da ni, ya damƙe hannuna har na ji zafi. Ta ce yaron da duk ya amsa ya tafi, ba ya dawowa. Sai ranar da ya kira wata yarinya da muryar uwarta, yarinyar ta tashi, ta kama hanyar kogi.

Iya ta yi hamma, ta karkaɗe zaninta, ta miƙe.

Muka ce, "Iya, ba ki ce ƙurunƙus ba!"

Ta ce, "Ban ce ba."

Yaran yanzu ba za su gane girman abin ba. A wurinmu wannan kalma ita ce sakatar ƙofa. In an faɗe ta a ƙarshen tatsuniya, dodo ya koma inda ya fito. In ba a faɗa ba, to yana nan waje tare da mu. Ga shi kuma daga ƙofar gida muna jiyo akwatin Baba Audu yana ta zuba da muryar mutumin da ba wanda ya taɓa ganinsa. Wallahi ko fitsari ba wanda ya yarda ya fita shi kaɗai.

Washegari gida ya ɗauka. Matar Malam Sani na ɗakin kusa da namu ta ce wannan ba tatsuniya ba ce, ba kura ba dila, tsorata 'ya'yan mutane ne kawai. Babana ya ce, "Iya, ai aljani ba ya zama a ƙarfe, tsoronsa yake." Ta ce, "Na ce maka aljani ne? Ka saurara da kyau mana." Mama Saratu ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ta kira Bulus da safe ya ƙi amsawa sai da ya leƙo ya ga fuskarta, amma ita ma yau da ita za a zauna. Baba Audu ya aiko cewa a daina ɓata wa akwatinsa suna.

Da aka yi isha'i tsakar gida ta cika, har da manya a tsaye suna yi kamar wucewa suke. Iya ta ci gaba. Ta ce yarinyar da ta kusa kogi sai ta tuna tarbiyyar gidansu, ba a isa gaban babba ba a gaishe shi ba. Ta durƙusa daga nesa ta ce, "Inna, ina wuni?" Akwatin ya ce, "Zo ki ci abinci." Ta sake gaisuwa, ya sake cewa, "Zo ki ci abinci." Nan ta gane abin yana magana ne amma ba ya ji, ta ruga gida. Iya ta dube mu ta ce, "Duk muryar da ba ta amsa gaisuwa, ba ta mutum ba ce. Ku je ku gai da na Audu ku gani." Aka kwashe da dariya, kuma wanda ya fi kowa dariya Baba Audu ne, ashe ya kashe akwatin ya zo ya raɓe a bakin zaure. Ni kuwa kaina ya kumbura, ina duban kowa, wato kakata ce fa.

Daren nan ma ba ta ce ƙurunƙus ba. Kullum akwatin sai ya ɓullo da wata dabara, mutanen garin su ɓullo da tasu. Ban san ranar da aka kwance ƙunshin kayan nan na bayan ƙofa ba, na dai ga zanen a kan igiyar shanya. A Makera ta ƙarasa rayuwarta. A ciwonta na ƙarshe, ina saurayi, na ce mata cikin wasa, "Iya, har yau fa ba ki rufe ta ba." Ta ce, "Angona, in na rufe ai ka tashi."

Na daɗe ina ɗauka dabarar riƙe yara ce kawai. Sai da na tsufa, 'ya'ya suka watse, na zama ni ne mai zaman jiran sallama, sannan na gane abin da ya sa ta ɗaure kayanta.

Tatsuniyar nan na ba Safiya, na kawo ta daidai inda yarinyar ta kama hanyar kogi, sai na ce barci nake ji. Ta kife wayar a cinya ta ce, "Haba Kaka, sai me ya faru?" Na ce ta dawo gobe. Ta dawo kuwa, har da ƙannenta biyu, kuma tun daga bakin ƙofa ta durƙusa ta gaishe ni. Na amsa da ƙarfi, don ta tabbatar ni ne.